Yadda ake canza man giyar otomatik a motar gudu mai ZF 8HP

Wanda ya saba da Corolla ko Accord na da, idan ya buɗe bonet ɗin BMW Z4 ko Toyota Supra ta yanzu yana neman sandar duba man giya, zai gaji da leƙe bai gan ta ba. Babu ita. Babu kuma bakin da ake zuba mai ta sama. Kafar zubawa ɗaya ce tak a jikin giyar, can ƙarƙashin mota kusa da salansa, ta nan ake zubawa, ta nan kuma ake gane ko man ya isa. Sauke tsohon mai da ɗaura sabon kasko, wato murfin ƙasan giya inda mai ke taruwa, aiki ne da duk yaron gareji mai natsuwa zai iya. Inda ake lalata giya shi ne wajen daidaita yawan man, domin ba a yin sa sai injin yana aiki, mota tana zaune daram ba karkata, zafin man kuma yana tsakanin digiri 30 da 50. A garin da iskar rana kaɗai kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, irin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, wannan sharaɗi na ƙarshe shi zai tsara maka lokacin aikin gaba ɗaya.

Giyar da ake magana a kai ita ce 8HP ta kamfanin ZF na Jamus, mai giya takwas na gaba. Tun wajen 2009 ta fara fitowa a BMW 760Li, daga nan ta bazu. Ita ce a cikin Z4 da Supra na 2019 zuwa sama, waɗanda aka haɗa a masana'anta ɗaya a birnin Graz na Ostiriya, ita ce a M235i da M240i, da Jaguar F-Type, da Dodge Challenger daga 2015, ko da yake a can sunanta TorqueFlite. Awon da zan bayar na motocin BMW ne da Supra masu kaskon roba. Sauran motocin tsarin aikin ɗaya ne, amma girman noti da ƙarfin ɗauri kan bambanta. Kafin ka sayi komai ka leƙa ƙarƙashi, akwai ɗan allo a jikin giyar mai ɗauke da lambarta, 8HP45 ko 8HP50 ko 8HP51 ko 8HP70. Idan motarka mai kuloci biyu ce, wato DCT ta M3 da M4 na zamanin F80, ko PDK ta Porsche, wannan bayani ba naka ba ne, mansu daban, aikinsu daban.

Yaushe ya kamata a taɓa ta

BMW ta ce man giyar nan na har abada ne, ba a canza shi. Wanda ya ƙera giyar kuwa bai ce haka ba. Takardun ZF na baya sun ba da shawarar a canza tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8, musamman ga motar da ke shan zafi da gudu. Idan tokumbo ce daga Amurka, agogonta mil yake ƙirgawa, wato mil 50,000 zuwa 75,000 ke nan. A ganina motar gudu a ƙasarmu ba ta da dalilin jiran lambar sama. Zafi ne ke tsufar da man giya, motar nan kuwa tana shan sa ta fuska uku: zafin gari, tsayuwar cunkoso, da ƙafar mai ita, tunda ba wanda ya sayi Supra don ya riƙa lallaɓa ta. Ga wadda aka sayo hannu ba a san tarihinta ba, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Za ka ji ana cewa, “Kar ka taɓa man giya, da ka canza ta mutu.” Maganar tana da tushe, amma an juya ta. Yawancin mutane ba sa tuna man giya sai ta fara sulɓi, faiba, wato faya-fayan kuloci da ke cikin giyar, ta riga ta cinye. A canza mai, bayan wata biyu ta ƙarasa, sai a ɗora wa sabon mai laifi. Saura kuma waɗanda aka zuba musu man da ba nasu ba, ko aka bar su da gibin lita guda. Don haka kafin komai ka sa na'urar gwaji ka karanta laifuffukan da ƙwaƙwalwar giyar ta ajiye, ka kuma zaga da motar. Idan ɗan bugu ne take yi in tana sauka daga ta biyu zuwa ta ɗaya, ko jinkiri da safe kafin ta kama, sabon mai yakan taimaka. Idan kuwa ka taka totur injin ya yi ihu mota ba ta ja ba, wannan ya wuce maganar mai, ka nemi mai gyaran giya.

Abin da za ka tanada

Man shi ne ZF LifeguardFluid 8, launinsa kore-kore ne. BMW na sayar da irinsa da sunan ATF 3+, masu Dodge kuma suna da na Mopar na giya 8 da 9. Jan man nan na Dexron da ake zuba wa tsofaffin motoci ya fi shi kauri, kuma yadda yake barin faiba ta kama daban ne, kar ya kusanci giyar nan ko da an rantse maka cewa “duk ATF ne.” Ka sayi lita 7. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, don haka ka duba hatimin murfi da rubutun jikin galan, in farashin ya faɗi ƙasa da hankali ka bar shi. Araha ba ta ado.

Filtar giyar nan a haɗe take da kasko, ba a raba su. Sayen filta yana nufin sayen sabon kasko ɗungurungum, da gasket ɗinsa da maganaɗisunsa da notin tsiyaya a jiki. Kit ɗin ZF yakan zo da sababbin notuna 13 da sabon notin zubawa da takardar bayani. Takardar nan kar ka yar da ita, a ciki aka zana jerin yadda ake ɗaure notunan.

Kayan aiki: makulli mai bakin tauraro T40 na notunan kasko, alanki mai lamba 10 na notin tsiyaya, alanki mai lamba 8 na notin zubawa, kuma gajere ya fi, saboda wurin a matse yake. Sai sifanar awon ɗauri wadda ke iya sauka har Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), famfon hannu mai tiyo na tura mai sama, babban baho mai faɗi, galan mai awon lita, tsumma marar zare, safar hannu mai kauri, da tabarau. Sai abu biyu da ba a yin aikin sai da su: na'urar da ake soka wa a bakin OBD ƙarƙashin sitiyari wadda ke nuna zafin man giya, da mutum na biyu da zai zauna a kujerar direba. Masu gareji kan yi amfani da ISTA, manhajar BMW, amma BimmerLink a waya ma tana nuna zafin. Ma'aunin zafi na haskawa daga nesa bai isa ba a nan, domin roba ba ta ɗaukar zafi da sauri, zai nuna maka ƙasa da abin da ke ciki.

Wurin aiki ma a duba. Na'urar ɗaga mota ko ramin gareji mai daɓen siminti sun fi. Idan jak ne, to sai an ɗaga gaba da baya duka an zaunar da ita kan ƙafafun ƙarfe huɗu, a kan siminti, ba a kan yashi ko bulo ba. Motocin nan ƙasa-ƙasa suke, jak ba ya shiga sai an hau da tayun gaba kan katako, kuma suna da wuraren roba huɗu a gefe da aka tanada don ɗagawa. Ka ɗora awon magina mai ɗigon ruwa a ƙasan ƙofa ka tabbatar ba ta karkata gaba ko baya ko gefe ba. Karkata kaɗan tana canza inda man zai tsaya a bakin kafar. Kuma wurin ya zama mai iska, domin za ka daɗe a ƙarƙashin mota injin yana aiki, hayaƙin salansa kuwa a rufaffen ɗaki kisa yake yi ba sallama.

Da yamma: tsiyaya

Raba aikin kwana biyu shi ne dabarar da ta fi dacewa da yanayinmu. A sauke mai da yamma yana da ɗumi, ya kwana yana ɗiga, a zuba sabo da asuba giya ta yi sanyi sosai.

Ka zaga da motar na ɗan lokaci don man ya saki jiki, ka dawo ka ɗaga ta, ka ja birkin hannu, ka kashe. Ka ba salansa lokaci ta huce. Sai ka kwance faifan roba da ke rufe ƙarƙashin mota, ka zuba notunansa a gwangwani guda. Kafin ka goge komai ka tsaya ka duba: akwai jiƙa a gefen kasko? A wajen soket ɗin waya da ke shiga jikin giyar fa? A bakin bututun da ke kai mai wurin sanyaya? In akwai yoyo a ɗaya daga cikinsu, yanzu ne lokacin sanin sa, tun ba a zuba mai mai tsada ba. Bayan nan ka goge kewayen kasko da kewayen notin zubawa tas. Ƙasar da ta manne a can, da zarar an buɗe, ciki za ta nufa.

Yanzu abu na farko da za ka kwance shi ne notin zubawa, ba na tsiyaya ba. A BMW yana jikin giyar ta gefen dama can baya, sama da bakin kasko kaɗan. Ka kakkaɓe dattin cikin kansa, ka tura alanki ya shige har ƙarshe, sannan ka murɗa. Motsa shi kawai za ka yi, ka tabbatar yana kwancuwa, ka mayar da hannu. Dalili a fili yake: in ka zubar da mai sannan ka tarar notin zubawa ya ci ko kansa ya lalace, ka zauna da motar da ba ta tashi ba ta motsi. Kar kuma ka cire shi gaba ɗaya a yanzu. Idan injin a kashe yake, man da ke yawo a cikin giya yakan koma kasko ya haura saman kafar, da ka zare notin zai kwararo maka a hannu.

Sa baho, ka kwance notin tsiyaya. Na roba ne, a hankali. Man zai zo da ƙarfi da farko, sannan ya koma zirara. Idan ya lafa, cire notin zubawa don iska ta shiga, ragowar ta sauko, sai ka mayar da shi ka ɗan ɗaure. Ɗebi kaɗan a farar takarda ka duba a haske. Ruwan ƙasa-ƙasa ko mai duhu ba abin tsoro ba ne, koren nan ba ya daɗewa. Warin ƙuna mai hawa kai, ko ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, su ne abin damuwa. In ya fito fari-fari da kumfa, ruwan lagireto ne ya shiga ta wurin sanyaya, sai an gyara can tukuna.

Ka bar tsohon kaskon a ɗaure ya kwana, kafar tsiyaya kaɗai a buɗe, baho a ƙasa. Kar ka bar cikin giya a fili dare guda, balle da hunturu ƙura na tashi. Ɗauke makullin motar ka sa a aljihu, ka manna takarda a sitiyari cewa babu mai a giya. Gareji wuri ne da kowa ke iya zuwa ya ce bari ya matsar da mota.

Da asuba: kasko

Juye abin da ya taru a galan mai awo ka rubuta yawansa. Sai notunan kasko 13. Ka bar biyu a kusurwoyi masu kallon juna, ka kwance sauran, sannan ka tallafe kaskon da hannu ɗaya ka ƙarasa biyun. Har yanzu akwai mai a ciki, kuma bakin filta a soke yake a jikin giyar da zoben roba, don haka kai tsaye ƙasa za ka ja shi, kana ɗan girgizawa. Kar ka sa sukundireba ka ɓanɓare, bakin giyar alminiyam ne, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta zama yoyo na dindindin. Idan ya sauko, leƙa kafar da bakin filta ya fito. Wani lokaci tsohon zoben yakan maƙale a can, in ka tura sabo a kansa ba zai zauna ba, famfon giya ya riƙa zuƙar iska.

Juye ragowar man a galan, ka haɗa lissafi. Yawanci abin da ke fita duka lita 4 zuwa 6 ne, alhali cikin giyar ya kai lita 8 zuwa 9. Sauran yana cikin konbata, wato tulun mai da ke haɗa injin da giya, da bututu da wurin sanyaya, ba ya fita ta wannan hanya. Lambar da ka samu ita ce madubinka: abin da za ka mayar ya kamata ya yi kusa da ita, ko ya ɗan fi.

Kafin ka yar da tsohon kasko, duba maganaɗisun da ke ciki. Shafa yatsa. In abin da ya manne baƙin gari ne mai laushi kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne, kowace giya tana yin sa. In ka ji tsini-tsini a yatsa, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe da ido ke iya rarrabewa, to wani abu yana ci a ciki, ka ɗauki hoto ka nuna wa mai gyara.

Abin da ke kallonka daga sama yanzu shi ne ƙwaƙwalwar giyar, da bawul-bawul ɗinta da kwamfutarta a haɗe. Ba ruwanka da ita. Kar a fesa mata fetur, kar a busa mata iska, kar a goge ta da tsumma mai zare. Bakin da gasket zai zauna kaɗai za ka goge har ya bushe. Kuma ka ɓoye gam. Akwai masu ganin duk gasket sai an shafa masa gam kafin ya riƙe. Wannan a bushe ake ɗaura shi. Gam ɗin da ya matso ciki yakan gutsure ya bi mai, ya je ya toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin bawul, gyaran da ya ninka kuɗin man sau da yawa.

Shafa sabon mai a zoben bakin filta na sabon kaskon, ka daidaita, ka tura sama har ka ji ya zauna. Sa sababbin notuna duka da yatsu tukuna, kowanne ya shiga ba gardama. Sannan ka bi jerin da ke cikin takarda ka ɗaure da sifanar awo, Nm 10. Wannan ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, hannun da ya saba da notin taya zai ga kamar bai yi komai ba. Kar ka ƙara. Matsewa fiye da kima tana lanƙwasa bakin roba, ko ta cinye zaren alminiyam. Idan kaskon motarka na ƙarfe ne ko notunan na alminiyam ne, awonsu daban, bi takardar kit ɗinka. Notin tsiyaya na sabon kasko a ɗaure yake zuwa, tabbatarwa kawai za ka yi.

Zubawa da daidaitawa

Nan ne aikin yake. Tun kafin ka fara, jera komai kusa da hannu: galan-galan a buɗe, famfo a cike, alanki da noti a inda za ka lalubo su ba tare da ka duba ba. Da zarar injin ya tashi, zafi hawa kawai yake yi, ba ya jiran ka nemo abin da ya ɓace. Soka na'urar gwaji, kunna mota ba tare da tayar da injin ba, ka karanta zafin man giya. In ya haura 35 tun ba a fara ba, lokacin da ya rage maka kaɗan ne ƙwarai. Da sanyin hunturu za ka same shi ƙasa da 25, ka yi aikinka a natse. Da bazara kuwa, bayan sallar asuba ne lokacin, ba ƙarfe goma ba.

Zubin farko injin a kashe. Cire notin zubawa, sa tiyo, ka yi ta bugawa har man ya fara dawowa ta bakin kafar. Zai ci wajen lita 3 zuwa 4. Mayar da noti da hannu. Kar wanda ya ce an gama, giyar ba ta ko kusa cika ba, kuma kar a tayar da injin kafin wannan zubin.

Mataimakinka ya shiga, ya rufe ƙofa, ya ɗaura bel. Wannan ba don tsaro kaɗai ba ne: motocin BMW in direba ya buɗe ƙofa ba bel, da kansu suke komawa P, su ɓata maka zagayen giya. Ya sauke gilashi don ku ji juna. Ya taka birki ya tayar da injin a P. Nan take famfon giya zai zuƙe man kasko, sai kai kuma ka cire noti ka ci gaba da zubawa ba ɓata lokaci, har ya sake dawowa. Mayar da noti da hannu, ka fito daga ƙarƙashin motar.

Yanzu a zagaya da man ko'ina. Yana P, ya ɗaga injin zuwa 2,000 na daƙiƙa 30 don konbata ta cika, ya sake shi ya dawo daidai. Sannan ƙafarsa a kan birki da ƙarfi, ya sa R ya ƙirga goma, ya sa D ya ƙirga goma, ya tura sandar gefen manuwal ya sa ta ɗaya da ta biyu, kowacce goma, ya dawo P. Tayu kar su juya, kuma kar kowa ya kasance a ƙarƙashi ko a gaba ko a bayan mota yayin da ake wannan.

Injin yana ci gaba da aiki, ka koma ƙasa da safar hannu, domin salansa ta riga ta yi zafin da za ta ɗauke fata. Daga nan aikin mataimaki shi ne kiran lamba. “Oga, talatin da shida.” Cire noti. In ba abin da ya fito, buga mai har ya fito. In ya fito da kansa, bar shi ya zuba. “Oga, talatin da tara.” Abin da kake jira shi ne kwararar ta ragu ta koma siririn zare, zaren ya fara yankewa yana ɗiga. A daidai nan, zafi yana wajen 40, ka sa sabon notin zubawa ka ɗaure, Nm 35. Sai bayan notin ya zauna za a kashe injin. In aka kashe kafar tana buɗe, fiye da lita guda zai kwararo ƙasa, a koma farko.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan lamba? Man giya yana kumbura in ya yi zafi. Kafar nan an huda ta ne daidai inda man zai tsaya a wannan zafin. In ka daidaita a digiri 70, man ya kumbura, abin da zai zube ya fi ƙima, idan ya huce sai ya zama akwai gibi. A motar cefane gibin zai iya ɓuya na ɗan lokaci. A motar gudu ba ya ɓuya: ka taka totur man ya ruga baya, ka sha kwana da gudu ya kwanta gefe, bakin filta ya zuƙi iska, ƙarfin da ke matse faiba ya faɗi na ɗan lokaci, su yi sulɓi su ƙone kaɗan. Haka zai yi ta faruwa ba ka sani ba, har ranar da za ta nuna. In kuma ka daidaita da sanyi ƙasa da 30, man ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa su riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi, ga ƙarin zafi. Saboda haka in mataimaki ya kira hamsin ba ka gama ba, rufe noti, kashe mota, ka haƙura har ta huce. Fanka a ƙarƙashi tana taimakawa, amma da rana tsaka sau da yawa sai dai gobe.

Akwai sauran abu guda. Da yawa daga cikin motocin nan suna da bawul a hanyar wurin sanyaya mai wanda ba ya buɗewa sai man ya yi zafi sosai, wajen digiri 75 zuwa sama. Ma'ana a lokacin da kake daidaitawa, wani sashe na hanyar a rufe yake, in akwai iska a can ba ta fita ba. Don haka ka sauke motar, ka fita da ita a hankali har na'ura ta nuna zafin ya kai can, ka bar ta ta bi giyoyinta takwas a hanya mai sarari, ba fizga. Dawo ka ɗaga ta ta kwana. Washegari da asuba ka maimaita awon: tayar da injin, zagaya giya, buɗe noti tsakanin 30 da 40, cika in ya nema, rufe in ya koma ɗigo. Mutane da yawa suna tsallake wannan, ni kuwa ina ganin rabin sa'ar da ya fi kowanne amfani ke nan a aikin. Shi ya sa ma ba a mayar da faifan ƙasa sai an gama shi.

Bayan an rufe

Goge ko'ina ya bushe, ka bar injin ya yi aiki kaɗan, ka bi bakin kasko da tocila. Mayar da faifan roba, sauke mota, sake karanta na'ura ka ga ko wani laifi ya shigo. Lissafa abin da ka zuba ka gwada da abin da ka sauke. In ka sauke lita biyar da rabi ka mayar da huɗu, akwai inda aka yi kuskure, kar ka hau titi.

Za a iya ce maka a goge abin da giyar ta koya, a mayar da ƙwaƙwalwarta sabuwa. Canjin mai kaɗai bai bukaci haka ba. Lambobin nan ta tara su ne daidai da cin da faibarta ta yi, za ta gyara su da kanta a hankali. 'Yan kwanakin farko tana iya canza hali kaɗan, ka ba ta kilomita ɗari biyu ko uku na tuƙin hankali kafin ka koma Sport da tashin fizga. Bayan mako ka sake leƙawa ƙasa ka ga ko akwai ɗigo.

Tunda ba duka man ke fita ba, wanda tsohon mansa ya yi baƙi ƙwarai zai iya sake zubi na biyu bayan kilomita dubu ɗaya ko biyu, wannan karon ba sai an sauke kasko ba, tsiyaya da cikawa kawai, da sabon notin tsiyaya. Lissafin mai sauƙi ne: in kowane zubi yana canza kashi 60 cikin ɗari, bayan na biyu tsohon da ya rage bai wuce kashi 16 ba, ko da yake tsiyaya ba sauke kasko tana fitar da ƙasa da haka. Wannan ya fi mini kwanciyar hankali a kan injin wanke giya da ake haɗawa da bututu, musamman in za a zuba wani sinadarin wanki a ciki, abin da giyar nan ba ta bukata.

Tsohon man a zuba shi a galan a rufe, a kai wa masu karɓar mataccen mai, kar ya bi kwata ko ya sha ƙasa kusa da rijiya. Sannan ka rubuta kwanan wata da kilomita da sunan man a littafin motar, ka ajiye rasit ɗin kit ɗin tare da shi, domin ba sanda ba gilashin leƙe, takardar nan ce kaɗai za ta gaya wa bakanike na gaba ko mai saye abin da ke cikin giyar.